Yaya ake cin tuwo mai zafi da miya mai yauƙi a gidan surukai?

Ango daga Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. A Katsina nake zaune, matata kuwa 'yar Daura ce. Da na je gaishe da surukaina bayan biki, aka haɗa ni kwano ɗaya da yayyenta uku a zaure, aka kawo tuwon dawa da miyar karkashi da kifi, yana ta tururi. Lomar farko ta ƙona mini yatsu da harshe, miyar ta biyo hannuna har ta ɗiga a babbar rigata, sannan na ji ƙaya a bakina na rasa yadda zan fitar da ita. Kunya ta sa na tsame hannu da wuri, kuma har yanzu ina tsoron kada su ɗauka raina abincinsu na yi. Za mu koma lokacin Sallar Gani, don haka ina roƙon a koya mini yadda ake yi.

Dattijo mazaunin Daura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta nuna kana da tarbiyya. Zafin tuwo a cikin malmala yake taruwa, gefenta ne ke fara hucewa, saboda haka ka riƙa gutsurar kaɗan daga gefen da ke gabanka, ka mulmula shi a yatsunka har ka ji ya sassauta kafin ka kai shi miya. Wannan ya dace da koyarwar addini, domin Annabi (SAW) ya umarci Umar ɗan Abu Salama, yana yaro, da ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci daga abin da ke gabansa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Kada ka hura abincin da baki, musamman a kwanon tarayya, domin an hana hura iska a cikin mazubi, kuma abokan cinka ba za su ji daɗi ba.

Maganar yauƙi kuwa, a kan kwano ake yanke shi, ba a kan ƙirji ba. Idan ka dangwalo miyar, ka ɗaga lomar kaɗan, ka murza wuyan hannunka sau ɗaya ko biyu har zaren ya tsinke, sannan ka ɗan sunkuyo ka tarbi lomar. Hannun riga kuma tun kafin wanke hannu ake naɗe shi a kafaɗa. Ka bar babban yayan ya fara sa hannu, kuma kada ka taɓa kifin sai ya raba ko ya tura maka.

Uwar gida daga Ƙofar Sauri:
Baba ya gama magana, sai dai ya bar ƙayar. Ƙanena, da yatsu ake tsince ta tun kifin bai shiga baki ba. Idan wata ta kuɓuce maka, ka kawar da fuska, ka kare bakinka da hannun hagu, ka zare ta a hankali ka ajiye a faifai ko murfin kwano. Kada ka tofar, kada kuma ka haɗiye ta don kunya, domin ƙaya a maƙogwaro tana iya kai mutum asibiti. A matsayina na mai girki ina gaya maka cewa mu kwanon da ya dawo muke dubawa, kuma baƙon da ya ci kaɗan yana sa mu yi ta tunanin ko gishiri ne ya yi yawa. Idan yaji ya kama ka, nono ya fi ruwa kashe shi, kuma da wuya a rasa fura a gidan Daura.

Ma'aikaci a Katsina:
Ni a ganina ya nemi cokali ya huta, tunda yanzu ba abin mamaki ba ne.

Dattijo mazaunin Daura:
Malam, a gidan cin abinci wannan daidai ne, amma mutum uku suna ci da hannu, suruki shi kaɗai ya sa cokali a tsakaninsu, za a iya fassara shi da ƙyama ko da ba nufinsa ba ne. Idan su suka kawo cokalin, ya karɓa. Kai kuma ɗana, idan ka koma, ka ci a natse har babban yayan ya tsame hannu, ka yi hamdala a bayyane, ka aika wa surukarka godiya ta bakin matarka.