Wanki da tafasa suna fitar da dalma daga ganye?

Hajiya mai abinci: Salamu alaikum mutanen Garwa. Jiya wata ɗaliba ta ƙi cin salak ɗina, wai da ruwan da ke gangarowa daga bayan masana'antu aka noma shi, akwai dalma a ciki. Ni kuwa sau uku nake wankewa, in jiƙa da ruwan jabel. Alayyafo kuma sai ya dahu luguf. Wace guba ce za ta tsira daga wuta?

Baba mai lambu: Faɗa musu, Hajiya. Shekara 30 ina ban ruwa a bakin Binuwai, da wannan ganyen 'ya'yana tara suka girma. Ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa. So ake a kashe mana kasuwa.

Malamar jinya: Baba, Allah ya ƙara girma, ara mini kunne. Jabel ƙwayoyin cuta yake kashewa, irin na kwalara da taifot, don haka Hajiya kada ki daina. Amma dalma ƙarfe ce, ba ta da rai balle ta mutu. Wanki yana cire ƙurar da ta kwanta a kan ganye, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Wadda saiwa ta zuƙo daga ƙasa kuwa ta zama jikin ganyen, ko kwana ya yi a kan murhu tana nan, in ta bar ganyen ma cikin romon ta koma. Kadmiyom, wani ƙarfe mai guba kamar dalma, ya fi ta saurin hawa ganye, kuma a ƙoda yake tarewa, sai shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita.

Baba mai lambu: To 'yata, wa kika taɓa gani ya faɗi don ya sha miyar yakuwa?

Malamar jinya: Abin da ke hana ni barci ke nan, Baba, ba ta kayar da mutum. Yaro ne za ka ga jininsa ba ya cika, karatu ba ya zama a kansa, a ce dakiƙi ne a yi ta dukansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma cikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsa.

Malamin lakwal: Mu tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe.

Ɗalibin aikin gona: Gafarta Malam, wancan dutsen zinare ne ake niƙawa a tsakar gida, yara suna haɗiyar ƙurar. In muka jingina shi da lambu, Baba yana da gaskiya ya ƙi mu. Misalin da ya yi kama da namu na Japan ne, inda ruwan ma'adinai mai ɗauke da kadmiyom ya shiga kogin Jinzu, aka shayar da shinkafa da shi shekara da shekaru, ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa. Kuma ba kowane lambu ba ne. Mai ɗiba daga tsakiyar kogi daban, mai tare kwatar masana'anta da rani daban, haka wanda ke maƙwabtaka da masu fasa batirin mota. Ma'aunin duniya na ganye shi ne kada dalma ta wuce miligiram 0.3 a kilo. Ido ba ya ganin wannan, sai an kai ƙasa da ruwa da ganyen an auna.

Malamar jinya: Hajiya, duba tukunyarki ma. Binciken da aka fitar a 2014 ya sami dalma a tukwanen sanholon da ake zubawa da tarkacen ƙarfe nan Kamaru, kuma miya mai tsami ta fi jawo ta.

Baba mai lambu: Ni ba zan ɓoye ba, lambuna biyu ne. Na tudu ruwan kwata yake sha daga watan Maris, in kogi ya ja baya. Ina zan sami kuɗin awo? Injin ban ruwa ma haya nake yi.

Ɗalibin aikin gona: Ku masu lambun layin ku haɗa kuɗi, samfuri kaɗan ya isa a fara. Kafin nan, Baba, mayar da ganye lambun bakin kogi, ka sa tumatir da kuɓewa a na tudu, 'ya'yan sun fi ganye ƙarancin tara ƙarfe.

Hajiya mai abinci: Baba, don Allah, salak ɗin da yaronka ke kawo mini da asuba, daga wanne lambun yake?