Mantuwar dattijai: me ya kamata a nema a hoton MRI?

Ƙaramin likita, Tudun Wada:
Assalamu alaikum manyanmu. Dattijo ne ya fara maimaita tambaya, yana ɓatar da makulli, amma har yanzu yana riƙe da shagonsa da lissafinsa. Idan an tura shi MRI, sau da yawa rahoton ba ya wuce "ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa daidai da shekaru". Me zan rubuta a takardar neman hoton don ya yi amfani?

Likitan hoto:
Wa alaikumus salam, Likita. Matsalar daga takardar take. In ka rubuta "mantuwa" kawai, hoton gama-gari za a ɗauka, yanka mai kaurin milimita 5, wanda ba ya nuna hifokamfas sosai, wato sashen ƙwaƙwalwa mai adana sabon tunani. Ka nemi T1, wato salon ɗaukar MRI mai fito da surar ƙwaƙwalwa, mai siririn yanka, milimita 1, a sake yanka shi ta fuskar gaba, a gicciye da tsawon hifokamfas. A nan ake ba da makin Scheltens na auna ƙanƙancewar hifokamfas, daga 0 zuwa 4: ana duba faɗin tsagar da ke saman hifokamfas, buɗewar ramin ruwan da ke gefensa, da raguwar tsayinsa. Ƙasa da shekara 75, maki 2 ya isa a damu. Sama da haka sai 3. Shi ya sa shekarun gaskiya ke da muhimmanci, ba na ƙiyasi ba. Kuma a duba kowane gefe daban.

Sai wani salon ɗauka, FLAIR, don fararen tabon da lalacewar ƙananan jijiyoyin jini ke bari. Ana auna tabon da makin Fazekas: 1 ɗigo-ɗigo ne, ya zama ruwan dare a tsufa. A 2 sun fara haɗewa, a 3 sun zama shimfiɗa ɗaya. Ƙara da salon SWI don ɗigon tsohon jini: na can tsakiyar ƙwaƙwalwa wajen talamas galibi aikin hawan jini ne, na bakin ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa yana nuna taruwar furotin amiloyid a jijiyoyin jini. Ba a buƙatar allurar gadoliniyam mai ƙara fito da hoto sai an ga ƙari, wato tsiro.

Ma'aikaciyar ɗakin hoto:
Likita, ka tambayi ƙarfin injin kafin iyali su biya kuɗi. Da tesla ake auna ƙarfin maganaɗisunsa, mai tesla 1.5 ake so. Ƙaramin injin 0.3 ba zai nuna ɗigon jinin ba. Motsi ne babban mai ɓata T1, minti biyar ne kai ba ya gusawa. A kai Baba ban ɗaki tukuna, a cire haƙoran roba da na'urar ji, a tokare kan da soso.

Likitan ƙwaƙwalwa, Barnawa:
Abin da Yallaɓai ya faɗa daidai ne, amma hoto ba ya yanke hukunci. Akwai mai hifokamfas lafiyayye da ciwon mantuwa ya riga ya kama, akwai mai maki 2 da zai yi shekaru bai canja ba. Kafin MRI a auna bitamin B12, sinadarin maƙoshi (tairod), suga, ƙanjamau, a kuma tambayi damuwa da magungunan barci. Hoton yana fitar da abin da tiyata ke gyarawa, kamar tsohon jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa. A nan Kaduna abin da na fi so a kula da shi Fazekas 2 ne ga mai hawan jinin da ke shan magani sai ran da kai ya yi ciwo. Wannan a daidaita masa jini, a sake gwajin tunani bayan wata 6 zuwa 12.