Furosesa biyu a kwamfutar gida, ga abin da aka tsayar

To jama'a ga taƙaitaccen abin da masu gyaran kwamfuta na PZ da 'yan Samaru a Zariya suka faɗa kan ko za a iya sa furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a kwamfuta ɗaya. Na farko dai furosesocin Core i5, i7 da Ryzen ba sa aiki su biyu a madabod ɗaya, wato babban allon da ake haɗa kayan kwamfuta a kai, sai Xeon irin su E5-2600 ko EPYC, kuma madabod ɗin dole mai soket biyu ne, wato mazaunin furosesa biyu, furosesocin kuma iri ɗaya sak. Windows Home guda ɗaya kawai take gani, sai an sa Pro. Kowace furosesa da nata RAM, yawanci ECC mai gyara kuskure da kansa, ga fawa saflai mai waya 8-pin guda biyu.

Shi ya sa da yawa suka ce a nemi tokumbon kwamfuta HP Z840 ko Dell T7910 an huta da haɗe-haɗe. Amma fa tana shan wuta ba kaɗan ba, in inbata kake amfani da ita batir zai sha wahala, ga zafin Afrilu ga ƙurar hunturu tana toshe fanka.

Ni dai a ganina ɗaliban zanen gini na ABU masu rendarin, wato fitar da hoton zanen 3D, za su more ta, mai gem kuwa ya sayi Ryzen ɗaya mai koa da yawa, wato sassan aiki na cikin furosesa, ya ƙara katin girafik kawai.