Ɗalibai sun ɗebi ruwan garinmu sau uku, wa ke biyan kuɗin binciken nan?

Malamin Firamare:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wani ƙauye tsakanin Auyo da Kafin Hausa a Jihar Jigawa, kuma ni ke riƙe da littafin kwamitin ruwa, wato ni ake kawo wa karo-karon gyaran famfo. Muna da tuka-tuka biyu da burtsatse ɗaya mai sola. Burtsatsen nan tun ranar da aka haƙa ta ruwanta zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa, wake ya kwana kan wuta bai nuna ba, gindin buta duk farin abu. Mata suka koma tsohuwar rijiyar bakin masallaci, ita kuma da bazara sai an ƙara igiya. Muna yara gaba bakwai ke kai guga ruwa, bana sai da aka yi goma sha ɗaya.

Cikin shekara huɗu ɗaliban wata jami'a sun zo sau uku da ƴan kwalabe, suka cika, suka yi rubutu a jiki, muka ba su fura, suka tafi. Shiru. Rannan Mai Gari ya tare ni bayan Azahar, ya ce, "Malam, ruwan namu da aka tafi da shi, me aka gani a ciki?" Na rasa ta cewa.

Wa ke ba da kuɗin irin wannan bincike, jiha ko tarayya? Kuma in kuɗin gwamnati ne, ta yaya za mu ga sakamakon?

Malamar Jami'a:

Wa alaikumus salam Malam. Mai yiwuwa waɗannan yaran ƴan shekarar ƙarshe ne, kuma kuɗin aljihun iyayensu suka kashe. A ɗakin gwaji kowane sinadari da kuɗinsa, shi ya sa yaro zai ɗebi kwalba goma, ya auna abu biyar ko shida, ya rubuta, a ba shi maki. Kundin yana nan a sashensu, ba wanda ya ɗora masa nauyin dawo muku da shi.

Kuɗin bincike na malamai yawanci daga TETFund yake fitowa, asusun tarayya na tallafa wa manyan makarantu da dokar 2011 ta kafa. Harajin ribar kamfanoni ne, ya fara da kashi 2 cikin ɗari, aka kai shi kashi 3 a 2023. Akwai ƙaramin tallafi da ake nema ta hannun jami'a, akwai babba da ake gasa a kansa a ƙasa baki ɗaya. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa duka suna iya nema, domin asusun bai ware jami'o'in jihohi ba. Abin da jiha ke bai wa jami'arta kuwa, a iya ganina, albashi da gine-gine ke cinye mafi yawansa.

Ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashen, Mai Gari ya sa hannu, ku faɗi watan da suka zo. Amma kada ku ɗora buri da yawa a kan takardar. Awo ɗaya na rana ɗaya ba ya faɗin halin rijiya, sai an auna damina an auna rani.

Tsohon Mai Awon Kogi:

Malama ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara ilimi. Bari tsoho ya sa baki, don na yi shekaru aikina ke nan: kullum bayan sallar Asuba in je gindin gada in karanta sandar awo, in rubuta a littafi. Ba digiri, ba kwamfuta, keke kawai da biro.

Malam, rijiyarku ba ita kaɗai take ba, da kogi take tafiya. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗejiya yakan cika da damina ya malala fadamu, ruwan ya nutse ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, da rani kuma ya janye. Da aka tare shi aka riƙa sakinsa duk shekara, sai ciyawar kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗejiya har Guri da Kirikasamma, wani wuri ya kwana cikin ruwa, wani ya bushe ƙurmus, ga tsuntsun jan-baki ya samu gida yana cin shinkafar mutane. Ƙara da injinan ban ruwa da kowa ya dasa a gonarsa yana zuƙa. To wa ke lissafin abin da ke shiga ƙasa da abin da ake fitarwa?

Ƙasar Jigawa ma ba iri ɗaya ba ce. Wajen Dutse, Birnin Kudu da Gwaram dutse ne a ƙasa, sai ka dace da tsaga za ka samu ruwa, shi ya sa ake awo da na'ura kafin haƙa. Wajenku yashi ne da laka hawa-hawa, ruwa na nan, sai dai wani hawan mai daɗi, wani zartsi. Ɗan kwangilar da aka biya kuɗin zurfi kaza, yana ganin ruwa zai tsaya ya naɗe kayansa. Da akwai taswirar da ta nuna inda zartsin yake, da ba a binne muku kuɗi a rami ba.

Ni da za a tambaye ni, ba sai an gina wata katafariyar cibiya ba. Cibiyar horo da binciken ruwa ta ƙasa tana Kaduna, Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are tana Kano tun 1976. Jiha ta ware wa jami'arta kuɗi kaɗan, amma duk shekara ba fashi, a zaɓi rijiya biyu-uku a kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗin nan, a riƙa aunawa. Tallafin shekara ɗaya ko biyu ba ya wannan aikin. Littafin awo in ya yanke shekara uku, ramin nan ba mai cike shi har abada.

Ɗan Ringim a Amurka:

Baba, abin da ka kwatanta kusan shi ake yi a nan. Wata doka ta 1964 ta sa aka buɗe cibiyar binciken ruwa a jami'a ɗaya cikin kowace jiha, yanzu su 54 ne har da na yankuna. Tarayya tana ba da kuɗi, amma da sharaɗin a kawo wani kaso daga gida. Kuɗin ba wani yawa gare shi ba, ɗorewar ce ta ba shi daraja.

Manomin Miga:

Ku yi mini afuwa malamai. Ambaliyar 2022 ta ci mana shinkafa har da rumbu, ba mu buƙaci farfesa ya gaya mana daga ina ruwan ya shigo ba. A yashe kogi, a ɗaga jinga, a gyara famfo. In an rage canji a yi binciken.

Tsohon Mai Awon Kogi:

Allah ya mayar da alheri, ɗana. Amma jingar da za a ɗaga, tsayin nawa? Mai ɗagawa littafina zai nema.

Malamin Firamare:

Na gode ƙwarai. Ranki ya daɗe Malama, na rubuta wasiƙar, Mai Gari ya dangwala, ranar Litinin zan bi motar kasuwa in kai da kaina. Baba, na samu igiya na ƙulla mata alama kamu-kamu, ƴan aji shida za su riƙa zura ta a rijiyar masallaci duk Juma'a muna rubutawa a bayan littafin kwamiti. Sai dai ka faɗa mini, da sassafe za mu auna kafin mata su fara ɗiba, ko da yamma?