Kwamfutar da na haɗa tana ɗauke hoto, wani lokaci ta mutu ta tashi da kanta

Aminu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan kwamfutar tebur da na haɗa da hannuna, wadda ta ƙi zama lafiya tun da na kammala ta. A cikinta akwai firosesa Ryzen 5 5600, da babban allo (motherboard) na B550, da katin hoto Radeon RX 6700 XT na kamfanin AMD, da RAM ɗin DDR4 guda 2 masu gigabait 8 kowanne, waɗanda na saita su a kan gudun 3600. Akwatin wutar mai wat 550 ne, daga tsohuwar kwamfutata na ciro shi, haka ma faifan SSD ɗin daga can ya fito da Windows ɗinsa yadda yake, kuma a da katin GeForce na kamfanin Nvidia ne a kan waccan. Katin hoton a tsaye na kafa shi yana fuskantar gilashin kes, ta hanyar kebul ɗin tsawaita gurbi da ya zo tare da kes ɗin.

Wani lokaci idan na kunna ta, fankoki su juya amma hoto ya ƙi fitowa, fitilar da aka rubuta wa VGA a kan allon ta tsaya a kunne. Idan ta tashi kuma, aikin rubutu da intanet ba sa damun ta, sai na buɗe wasa mai nauyi sikirin ya yi baƙi na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya dawo. Mafi muni shi ne lokacin da take mutuwa ɗif kamar an zare filogi, ta sake tashi da kanta. Shin katin ne ya lalace in mayar da shi, ko akwai abin da zan gwada tukuna?

Yusuf:
Wa alaikumus salam Malam Aminu. A ganina direba ne, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin hoto da ita. Tunda ka ce Windows ɗin ya yi zama da katin Nvidia, ragowar direbobinsa suna nan, kuma ga na AMD ka ɗora a kai. Ka sauke manhajar Display Driver Uninstaller, wadda aka fi sani da DDU, ka shiga Windows ta Safe Mode, yanayin da yake tashi da muhimman direbobi kawai, ka goge na Nvidia da na AMD duka, sannan ka sa sabon direba daga shafin AMD. Ka cire intanet kafin ka fara, domin Windows Update yana da ɗabi'ar ɗora nasa direban a bayan idonka kafin ka gama naka.

Injiniya Bilkisu:
Shawarar Malam Yusuf tana da kyau kuma ya kamata a yi ta, sai dai ba za ta warkar da duk abin da aka zayyana ba. Direba ba ya fara aiki sai Windows ya tashi, don haka ba shi da hannu a fitilar VGA da ke tsayawa tun kafin tambarin allon ya bayyana. Wannan fitila tana cikin guda 4 da allo ke amfani da su wajen nuna inda binciken farko ya tsaya, wato CPU da DRAM da VGA da BOOT, kuma tsayawarta a kan VGA na nufin allon ya nemi katin hoto bai samu amsa mai kyau ba. Haka kuma da wuya direba ya kashe kwamfuta ɗif ba tare da shuɗin sikirin ba. Abin da na fahimta daga bayaninka, Malam Aminu, shi ne ba lallai ba ne cuta ɗaya ce ke damun ta, kuma lokacin da hoton yake ɗaukewa shi ne zai nuna mana kowacce.

Abin da na fi zargi a kan ƙin fitowar hoto shi ne kebul ɗin tsawaita gurbin nan. Gurbin farko na allon B550 yana iya PCIe 4.0, wato ƙarni na 4 na hanyar da kati ke magana da allo, idan aka haɗa shi da Ryzen 5 5600, katinka ma PCIe 4.0 ne, saboda haka idan saitin BIOS, wato manhajar allon da ke tashi kafin Windows, yana kan Auto, su biyun za su yi ƙoƙarin magana da gudun ƙarni na 4. Da yawa daga cikin irin waɗannan kebul da ake haɗowa da kes kuwa na PCIe 3.0 ne, ba a ƙera su don ɗaukar sigina mai wannan sauri ba. Sakamakon shi ne wani tashin haɗin ya kama, wani tashin ya ƙi, kuma ko ya kama sai kurakurai su riƙa shiga idan aiki ya yi yawa. Ka kashe kwamfutar, ka zare ta daga wuta, ka cire kebul ɗin gaba ɗaya, ka soka katin kai tsaye a gurbin sama na allon har ka ji maƙallin ƙarshen gurbin ya kama. Kada ka taɓa wani abu dabam a wannan gwajin.

Malam Ɗanladi:
Ina goyon bayan Injiniya, kuma zan ƙara da batun wuta, domin mutuwar ɗif ɗin nan ta fi kama da aikin akwatin wuta. Kamfanin AMD ya ƙayyade wa RX 6700 XT wat 230, ya kuma ba da shawarar akwatin wuta mai wat 650 a ƙalla. Naka 550 ne, kuma ya riga ya yi aiki a wata kwamfutar. A lissafin takarda zai iya isa, tunda firosesarka ta ajin wat 65 ce, amma katunan wannan zamani suna fizgar wuta fiye da ƙa'idarsu na ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙasa da ƙiftawar ido, kuma idan fizgar ta haura abin da akwatin zai iya jurewa, kariyarsa ta cikin gida sai ta datse wutar nan take. Wannan ne ya sa ba ka ganin wani saƙo: Windows bai samu zarafin rubuta komai ba.

Tambayata a nan ita ce, da kebul nawa ka ba katin wuta? Gurbin allo yana bayar da wat 75, mahaɗi mai fil 6 wat 75, mai fil 8 kuma wat 150. Mutane da yawa sukan ɗauki kebul ɗaya mai kai biyu su cike ramukan katin duka da shi, wanda ke nufin duk nauyin yana bi ta wayoyi ɗaya. Idan akwatinka yana da kebul 2 masu zaman kansu, ka ba kowane rami nasa. Ka kuma duba da kyau cewa kowane kai ya shige har ƙugiyarsa ta kama, domin kan da ya saura kaɗan bai zauna ba yana iya ɗumama har robarsa ta canza launi.

Aminu:
Na gode ƙwarai. Kebul ɗaya ne mai kai biyu, Malam Ɗanladi, shi kaɗai akwatin yake da shi. Akwai wani kebul ɗin da ya rage daga wani akwatin wutar dabam, kuma na ga kansa yana shiga ramin wannan. Zan iya ƙarawa da shi?

Malam Ɗanladi:
Kada ka kuskura, ɗan'uwa. Ɓangaren kebul da ke shiga katin hoto tsarinsa ɗaya ne a ko'ina, amma ɓangaren da ke shiga akwatin wuta kowane kamfani da yadda yake jera wayoyinsa, har ma akwatuna biyu na kamfani ɗaya sukan bambanta. Shigar kai cikin rami ba hujja ba ce. Idan waya mai volt 12 ta faɗa inda ya kamata a ce ta ƙasa (ground) ce, katin ko faifan zai ƙone a kunnawar farko. Haka nan kada a rikita kebul ɗin firosesa, wanda kansa ke rabuwa 4 da 4, da na katin hoto mai rabuwa 6 da 2.

Hauwa'u:
Ni ina ganin kafin a tura bawan Allah sayen sabon akwatin wuta, gara a bar kwamfutar ta faɗi abin da ke damun ta da bakinta. Malam Aminu, ka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ka shiga Windows Logs sannan System, ka duba abin da aka rubuta daidai lokacin da matsalar ta faru. Idan ka ga lamba 4101 daga Display, ma'anarsa direban hoto ya daina amsawa, Windows ya jira daƙiƙa 2 kamar yadda aka tsara masa, ya sake tayar da shi. Wannan shi ne baƙin sikirin da ke dawowa. Idan ka ga WHEA-Logger da lamba 17 yana maimaituwa, kurakurai ne a hanyar PCIe da na'urar ta gyara da kanta, kuma zai ƙarfafa zargin Injiniya Bilkisu. Kernel-Power mai lamba 41 kuwa, wanda mutane ke yawan tsorata da shi, ba ya faɗin dalili, abin da kawai yake cewa shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba.

Akwai kuma RAM da ba wanda ya ambata. Gudun da AMD ta amince da shi a hukumance ga jerin Ryzen 5000 shi ne DDR4-3200, don haka 3600 ƙari ne da saitin XMP na cikin BIOS ke yi, wanda ake kira DOCP a allunan ASUS. Galibi yana tafiya lafiya, amma ba tabbas ba ne, kuma RAM mara natsuwa kan ɓata bayanan da direban hoto ke aiki da su har a ɗora wa katin laifin da ba nasa ba. Ka kashe XMP har sai an gama binciken, ka kuma tabbatar sandunan suna gurbi na 2 da na 4 idan ka ƙirgo daga wajen firosesa, waɗanda littafin allo ke kira A2 da B2.

Yusuf:
Yaya Hauwa'u, ashe ba gara ya sabunta BIOS tun yanzu ba? Ryzen 5 5600 a 2022 ta fito, allunan B550 kuwa tun 2020, kuma na san AMD ta gyara matsalar yankewar USB a AGESA 1.2.0.2, wato ɓangaren BIOS da AMD ke rubutawa, da ta sarƙewar kwamfuta da tsarin tsaro na fTPM ke jawowa a 1.2.0.7.

Injiniya Bilkisu:
Gaskiya ne gyare-gyaren nan sun fito, Malam Yusuf, kuma sabuntawar tana da amfani, amma ba yanzu ba. Kwamfutar da ke mutuwa ba gargaɗi ba a rubuta mata BIOS, domin idan ta ɗauke a tsakiyar rubutun allon zai iya ƙin tashi gaba ɗaya. Idan allonsa yana da maɓallin sabuntawa na baya, wanda ASUS ke kira BIOS Flashback, Gigabyte kuma Q-Flash Plus, akwai mafita ta filashi mai tsarin FAT32, amma ba kowane allo ke da shi ba. Ƙari a kan haka, firosesar nan ba ta da na'urar hoto a cikinta, saɓanin 5600G, saboda haka ramukan HDMI na allon ba sa fitar da komai. Idan katin ya ƙi nuna hoto ba shi da wata hanyar ganin abin da yake yi.

Abin da nake jin tsoro shi ne ya ɗauki shawarwarin nan duka ya aiwatar a zama ɗaya. Idan ta warke ba zai san abin da ya warkar da ita ba, idan kuma ta ƙi ba zai san wanda zai cire daga zargi ba. A fara da cire kebul ɗin tsawaitawa, a gwada. Sai DDU, a gwada. Sai a zo kan wuta. Ga gwajin wutar akwai dabara da ba ta buƙatar sayen komai: a manhajar Adrenalin ta AMD, ka rage iyakar wutar katin da iyakar gudunsa, ka sake buɗe wasan da ke kashe ta. Idan mutuwar ta daina ko ta ragu sosai, akwatin wuta ne. Ka bar manhajar HWiNFO a buɗe kana kallon zafi, amma kada lambar da ake kira junction, wato zafin wurin da ya fi zafi a katin, ta firgita ka, domin a katunan RX 6000 har digiri 110 yana cikin ƙa'idar kamfani.

Malam Ɗanladi:
Wata alama ɗaya ce za ta sa in ce ka mayar da katin ba tare da ɓata lokaci ba: idan ka ga ɗigo-ɗigo masu launi, ko layuka, ko murabba'ai a warwatse a cikin shafin BIOS kansa, bayan katin yana zaune kai tsaye a allo kuma ka canza kebul ɗin monita. A wurin nan babu direba babu Windows, don haka laifin yana kan ƙwaƙwalwar katin ko guntunsa (chip).

Aminu:
Allah ya saka muku da alheri, ga abin da ya faru. Da na duba Event Viewer na tarar da WHEA-Logger 17 jere rututu, da 4101 kaɗan, da 41 a duk lokacin da ta mutu. Na cire kebul ɗin tsawaitawa na soka katin kai tsaye, kuma tun daga nan fitilar VGA ba ta sake tsayawa ba, lamba 17 ma ta daina fitowa. A jikin kebul ɗin, kusa da inda katin ke zama, an buga PCIe 3.0 da ƙananan haruffa. Bayan DDU baƙin sikirin ɗin bai dawo ba. Mutuwar ɗif dai ta sake faruwa a cikin wasa, amma da na rage wutar katin a Adrenalin ta daina. Shafin BIOS fes yake, babu ɗigo ko layi. Zan nemi akwatin wuta mai wat 750 da kebul ɗin katin hoto guda 2. Saura tambaya biyu: zan iya mayar da katin tsaye, kuma yaushe zan kunna XMP?

Injiniya Bilkisu:
Madalla, Malam Aminu. Za ka iya mayar da shi tsaye, amma tun katin yana zaune a allo ka shiga BIOS ka sauya gudun gurbin farko daga Auto zuwa Gen 3, ka adana, sannan ka sa kebul ɗin. Layuka 16 na PCIe 3.0 suna ɗaukar kusan gigabait 16 a daƙiƙa, wanda ya wadaci wannan katin, bambancin da za ka gani a wasa kaɗan ne. Katin da ke shan wahala a irin wannan hali shi ne mai layuka 4 kamar RX 6500 XT. Ka riƙa tunawa cewa sabunta BIOS ko cire batirin allo na CR2032 zai mayar da saitin kan Auto, sai ka sake fitar da katin ka gyara. Ka kuma kwatanta zafinsa a tsaye da a kwance, domin idan fankokinsa sun matsu da gilashi ba za su sami iska ba.

XMP kuwa ka bar shi a kashe har sabon akwatin wutar ya zauna kuma ka mayar da katin kan cikakken ƙarfinsa ba tare da ta mutu ba. Daga nan ka sabunta BIOS, sannan ka kunna XMP, ka tayar da kwamfutar daga filashi mai MemTest86, manhajar gwada RAM, ka bar shi ya kammala zagayensa 4. Kuskure ko guda ɗaya ne ya fito, ka sauko da gudun zuwa 3200 ka sake gwadawa.