Batirin ruwa ko lithium? Ina gyara Hiace ɗina don kwanan hanya

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Ina sayen riɗi a kasuwannin ƙauye, daga Maigatari har Nguru, kuma yawanci a mota nake kwana. Na cire kujerun baya, na shimfiɗa katako da katifa. Saura wuta: fanka ɗaya mai 12V, ƙwan fitila biyu, cajin waya, da ƙaramin firjin mota saboda allurar insulin, ina fama da ciwon suga. Akwai batirin ruwa mai 220Ah a gida. In ɗora shi, ko in daure in sayi lithium mai 100Ah? Ba na son inbata, kuma ba zan huda rufin motar ba.

Sani Mai Sola: Wa alaikumus salam Alhaji. Inbata 1.5kVA za ka sa, da fanel na sola biyu, a huda rufi a ɗaure da noti. Ka neme ni mu yi magana.

Ɗan Gumel: Ƙaramin janareta fa? Ka huta da lissafi.

Maman Hanif: Janareta kusa da inda mutum yake barci? Hayaƙinsa a cikin barci yake kashewa. Allah ya ƙara lafiya, Baba.

Injiniyan Samaru: Alhaji, batirin ruwa rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, wato 220 ɗin nan 110 ne a aikace, in ma bai tsufa ba. Lithium irin LiFePO4 mai 100Ah zai ba ka 80 zuwa 90 lafiya lau. Ga nauyi: na ruwan ya kai kilo 60, wancan wajen kilo 12. Sannan na ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji, ga asid da zai riƙa fantsama a gargada. Ni ba zan kwana da shi a rufaffiyar mota ba. Amma kada ka jona lithium kai tsaye da altanetar mota, yana zuƙar wuta har ta yi zafi ta ƙone. Sai da cajar DC-DC a tsakani, wato na'urar da ke daidaita wutar da batirin yake ja daga altaneta.

Kawu Lawan: Ku bar zancen batir, ku tambayi wanda zai ja wayar. Ni bas ɗina da nake ci da iyali da ita haka ta tafi. Na kai wa wani mai rewaya ya sa min batir na biyu don fanka. Ya zura waya ta ramin ƙarfe ƙarƙashin kujera, ba roba, ba fis. Da girgizar hanya ƙarfen ya ci bawon wayar. Muna sallar la'asar bayan Haɗeja yara suka hango hayaƙi. Kafin a kawo ruwa da ƙasa, katifa ta kama. Ƙarfe kawai na sayar wa 'yan gwangwan. Da na koma wajensa sai ya ce min ƙaddara ce. Har yau bashin motar nake biya.

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Kawu.

Injiniyan Samaru: Amin. Shi ya sa fis yake zama dab da kan batir, ba can kusa da fanka ba.

Kawu Lawan: Shi ma haka yake zuba bayani kafin ya ƙona min mota.

Baban Ummi: Allah ya kiyaye gaba, Kawu. To nawa lithium ɗin yake yanzu?

Sani Mai Sola: Dubu 380, da garanti.

Ɗan Gumel: Kai Sani, ji tsoron Allah. Maƙwabcina ya saya 240 a Sabon Gari.

Sani Mai Sola: A sa shi a sikeli a gwada ƙarfinsa tukuna. Rubuta 100Ah a jikin kwali ba wuya.

Na Maraɗi: Mu nan jika 150 na kuɗin sefa na ji ana faɗi.

Ɗan Gumel: Mayar mana da shi naira, kada hawan jini ya kama Alhaji bayan suga.

Bashir Hambog: Nan Jamus mutane da yawa da hannunsu suke mayar da bas gidan kwana, amma kafin a sauya mata rajista sai masu duba mota irin TÜV sun gani. Ka fara sa abin tare sanyi a bango. Kuma ba a cajin LiFePO4 in sanyi ya sauka ƙasa da digiri sifiri.

Ɗan Gumel: Sifiri a Nguru cikin watan Afrilu? Malam Bashir ka daɗe ba ka zo gida ba.

Bashir Hambog: Abin da ke tare sanyi shi ke tare zafi. Ni dai na gyara tawa, kai Keke Napep ma ba ka da ita.

Kawu Lawan: Daga mai karatu sai mai sayarwa sai na Turai. Wa ya taɓa kwana a tasha a cikinku?

Na Maraɗi: Ni damuwata shingayen hanya. Suna leƙawa su ga ba kujeru, ga katifa, ga labule, shi ke nan ka faka gefe.

Kawu Lawan: Ni an taɓa tsare ni wai takardata ta fasinja ce amma na ɗauko buhu. Sai da na ba da na goro.

Ɗan Gumel: In suka ga firji kuma cewa za su yi a buɗe, ko akwai lemo mai sanyi.

Baban Ummi: Jama'a, fanel ɗin fa? Zai zauna a kan kariyar ɗora kaya ta saman mota ba tare da an huda rufi ba?

Na Maraɗi: Kawu, nawa suka karɓa a wajenka? Mu ta nan har baƙin gilashi sai sun tambayi takardarsa.