Wani mai saye a Amurka yana son manyan riguna uku: ta yaya zan karɓi kuɗina ba tare da na yi asara ba?

Mai Aska Takwas, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Sana'ata sayar da manyan riguna na ɗinkin hannu, kuma shekara biyu ke nan ina sa hotunan kayana a Instagram da Facebook, amma duk cinikin da na yi ta wannan hanya bai wuce Abuja da Legas ba, inda mutum zai turo kuɗi, in ga alat, in kai kaya tasha in damƙa wa direba.

Makon jiya wani mutum da ya ce yana zaune a Houston ya yi mini magana, ya zaɓi riguna uku, aska takwas guda biyu a kan saƙi da kuma wata ta tsamiya, sannan ya ce in haɗa masa da wata jakar fatar mesa da ya hango a gefen hoto. Na yi masa kuɗi dala 2,600, bai ko taya ba ya ce ya saya. Da ya ji cewa ina da ƙane mai karatu a can, sai ya ce zai aika masa cakin banki na dala 3,400, idan kuɗin ya shiga in cire nawa, in tura ragowar dala 800 ga wakilinsa wanda zai zo Kaduna ya ɗauki kayan. Ya ce sauri yake yi saboda biki ya matso.

Abin da ya sa na kasa yanke shawara shi ne rigar tsamiyar nan. Wata biyar ta yi a hannun wani dattijo a cikin birni, wanda idonsa ya fara rauni, ba ya iya aiki sai da hantsi a bakin zaure, kuma har yau ban gama biyansa haƙƙinsa ba. Idan cinikin ya tabbata zan sallame shi in sami na juyawa, idan kuwa ya lalace ba ni kaɗai zan shiga uku ba. Don Allah wanda ya san kan wannan lamari ya haska mini.

Baban Hanifa, New York

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka bari a aika wa ƙanenka wannan caki, kuma ka kira shi yau ka gaya masa ko an aiko kada ya kai banki. Na shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan, kuma wannan salon damfara ya daɗe ana yi wa masu sayar da mota da kujeru da masu ba da hayar ɗaki.

Ga inda tarkon yake. Dokar Amurka ta wajabta wa bankuna su saki kuɗin cakin da aka ajiye cikin 'yan kwanaki, saboda haka ƙanenka zai duba asusunsa ya ga dala 3,400 a zaune, har ya iya cirewa. Amma sakin kuɗi daban, tabbatar da ingancin caki daban, domin gano cewa cakin na jabu ne yana iya ɗaukar makonni. Ranar da aka gano, banki zai janye kuɗinsa gaba ɗaya daga asusun wanda ya ajiye, ba ruwansa da wanda ya rubuta. Kafin wannan rana kai ka riga ka tura dala 800 na gaske ga wakilin, ka miƙa riguna, yaron kuma ya wayi gari da bashin banki da asusun da mai yiwuwa a rufe, alhali ɗalibi ne baƙo a ƙasar mutane.

Ka lura da halin mutumin ma. Wanda zai sayi babbar riga domin ya sa a jikinsa yakan tambayi tsawonta da faɗinta, ya nemi a juya masa cikin aljihu ya ga bayan ɗinki, ya yi ciniki har ka gaji. Wannan bai tambayi komai ba saboda ba rigar ce ta dame shi ba, ragowar kuɗin nan yake hari, idan rigunan sun biyo baya riba ce a kan riba.

Ɗan Majema, Kano

Malam, abin da Baban Hanifa ya faɗa gaskiya ne, amma bari in ƙara maka da nawa, domin ni ba caki aka ba ni ba, kuɗi na gani da idona kuma duk da haka na yi asara.

Shekara uku da suka wuce na sayar wa wani a Faransa da cikakken kayan doki, sirdi da linzami da jalala da likkafa, aikin da na tara masu sana'a huɗu a kansa. Ya biya da katin banki ta wani dandalin biyan kuɗi, cikin asusun ɗan yayata da ke Ingila. Kuɗi ya shiga, na ƙi aika kaya sai da na yi kwana goma ina jira, ina ganin na yi dabara. Ana gobe zan aika sai ya rubuto cewa zai yi tafiya, in kai kayan adireshin wani abokinsa a wani gari, ni kuwa ban ga aibu a ciki ba. Kaya ya isa lafiya. A mako na goma sha ɗaya sai ga saƙo cewa mai katin ya kai ƙara bankinsa, ya ce shi bai sayi komai ba, sace bayanan katinsa aka yi. Aka nemi mu kawo hujjar cewa kayan ya je adireshin da ke cikin takardar ciniki, mu kuwa hujjarmu tana nuna wani gari dabam, kuma babu sa hannun kowa. Aka janye kuɗin. Takardar jigilar tana nan cikin aljihun teburina har yanzu, ta yi laushi saboda yawan buɗewa da naɗewa, kuma sai da na shekara ɗaya da rabi kafin na gama biyan maƙerin da ya yi likkafar.

Batun jakar mesa kuwa, ka cire ta daga lissafi ko da mai sayen waliyyi ne. Mesa da kada suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta shekarar 1973, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa wa ido, Najeriya da Amurka duk suna cikinta, kuma ba a ƙetare iyaka da kayan fatarsu sai da takardar izini. Idan jami'ai suka buɗe kwalin suka gan ta babu takarda, suna iya ƙwace ta su riƙe sauran kayan, ka ga jaka ɗaya ta ja wa riguna uku.

Ummu Sultan, Kaduna

Ni ma'aikaciyar banki ce, kuma abin da nake yawan gaya wa 'yan kasuwa shi ne su riƙa tambaya ɗaya game da kowace hanyar biyan kuɗi: har zuwa yaushe mai turowa zai iya janye abin da ya turo? Wanda ya biya da kati yawanci yana da kimanin kwana 120 da zai iya ƙalubalantar cinikin ta bankinsa. A dandalin biyan kuɗi na PayPal mai saye yana da kwana 180 na buɗe ƙorafin cewa kaya bai iso ba, kuma kariyar da ake ba mai sayarwa tana da sharaɗin a aika kaya adireshin da ke cikin takardar ciniki. Kwana goman da Alhaji Ɗan Majema ya jira ba su kai ko'ina ba a wannan ma'auni.

Hanyar da ta fi wuyar janyewa ita ce turawa daga banki zuwa banki ta tsarin SWIFT, kai tsaye cikin asusunka na dala. Ko a nan ma akwai abin kiyayewa. Kada ka yarda da hoton rasidi, ko imel mai tambarin banki da ke cewa an riƙe kuɗinka sai ka turo lambar bibiyar kaya, domin babu bankin da yake aiki haka. Ka shiga asusunka da kanka, ko ka je reshe a buga maka bayanin asusu. Sannan ka tabbata sunan wanda ya turo shi ne sunan wanda kuke ciniki da shi. Idan wani can daban ya biya, akwai yiwuwar shi ma damfararsa aka yi aka ba shi lambar asusunka, kuma ranar da ƙorafi ya iso asusunka za a toshe, kai za ka yi wa EFCC bayani, mai laifin yana can da kayanka.

Idan kana son ka ɗore a wannan kasuwa, ka yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, wato NEPC, ka riƙa cike fom ɗin NXP, wato takardar bayyana kayan da za ka fitar waje, ta bankinka, domin ƙa'idar Babban Banki ta ce kuɗin kayan da ba na mai ba ya dawo gida cikin kwana 180. Takardun nan suna da gajiyarwa, ban musa ba, amma su ne suke nuna asalin kuɗinka idan an tambaya.

Abu biyu game da jigila. Na farko, tun daga 29 ga Agusta, 2025 Amurka ta soke rangwamen harajin kwastam da take yi wa ƙananan kaya da ba su wuce dala 800 ba, balle naka da ya ninka haka, don haka ku rubuta tun farko wane ne zai biya kuɗin kwastam, domin mai saye yana iya ƙin karɓar kaya idan aka ɗora masa kuɗin da bai zata ba, kai kuma ka biya na dawowa. Na biyu, kada ka rage darajar kaya a takarda don a sauƙaƙa wa mai saye haraji, ko da ya roƙe ka. Idan kwalin ya ɓata a jirgi kuma ba ka sayi inshora a kan ainihin darajarsa ba, diyyar da yarjejeniyar Montreal kan jigilar jiragen sama ta tanada da nauyi ake lissafa ta, kimanin dala 35 a kowane kilo. Ka auna rigunanka uku a sikeli ka ga abin da zai zo hannunka.

Maƙerin Azurfa, Agadas

Na yarda wannan mai sayen ba na kirki ba ne, amma ina tsoron kada Malam ya karanta amsoshin nan ya rufe ƙofa gaba ɗaya. Tun da masu yawon buɗe ido suka daina zuwa mana kamar da, rabin abin da nake samu daga masu saye a Faransa da Beljiyam da Jamus yake fitowa, kuma mafi yawansu mutanen kirki ne. Mu tuna cewa su ma tsoronmu suke ji, domin a wurinsu cinikin biri a sama ne, suna tura kuɗi ƙasar da ba su taɓa gani ba ga mutumin da hotonsa kaɗai suka sani. Idan ka ce sai an biya duka ta hanyar da ba a janyewa, na gaskiyar ma yana iya ja da baya.

Abin da nake yi shi ne in fara da ƙaramin ciniki, zobe ko 'yan kunne, wanda ko ya ɓata ba zan kwanta ciwo ba. Idan an zo babban aiki sai in karɓi rabi kafin alƙalami, in riƙa aika hoton aikin yana tafiya, in karɓi cikon kafin kaya ya bar hannuna. Ranar ɗauri nakan kunna bidiyo tun daga ɗora sarƙa a sikeli har zuwa liƙe kwali da rubuta adireshi, ba tare da na yanke ba, kuma kowane kaya yana da ɗan tambarina a wurin da ni kaɗai na sani. Dalili shi ne akwai masu karɓar na azurfa su ce ba shi suka gani a hoto ba, su dawo maka da na gwangwani a cikin kwalinka.

Iyayenmu fatake ba su taɓa ba baƙo kaya a garin da ba su da mai masauki ba, kuma har yau dabarar tana aiki. Akwai kamfanonin da suke riƙe kuɗi amana har kaya ya isa, amma kai za ka nemo kamfanin ka bincika shi da kanka, kada ka taɓa bin adireshin intanet da mai saye ya turo maka, domin ana ƙera na bogi masu kama da na gaske sak.

Mai Aska Takwas, Zariya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kira ƙanena tun daren jiya na gargaɗe shi. Da safe na rubuta wa mutumin cewa na cire jakar, kuɗin riguna dala 2,450 ne ba ƙari ba ragi, ya turo ta banki da sunansa, ni zan aika kayan da kaina da inshora zuwa adireshinsa, kuma ina son mu yi magana ta bidiyo in gwada masa rigunan. Ya ce kyamarar wayarsa ta lalace, ya ce bankinsa ba ya tura kuɗi Afirka, daga nan ya fara faɗa wai na zarge shi da sata alhali taimakona yake son yi. Kafin azahar ya toshe ni.

Na je wurin dattijon na ba shi labari, na ce ya ƙara mini haƙuri, ya ce in mayar da rigar cikin adaka in sa mata kanumfari kada asu ya taɓa ta. Gobe in sha Allahu zan je in buɗe asusun dala. Hajiya Ummu Sultan, waɗanne takardu zan riƙe na rajistar NEPC? Malam na Agadas kuma, a riga ina ya fi dacewa in sa irin wannan alamar, a cikin aljihu ko a ƙarƙashin shafi?